Baƙin Alƙalamin Sista Earline

Duk wanda ya zauna a layin Polk ya san ba a buga wa Earline Boykin waya ranar Lahadi da yamma. Tana kan teburin kicin da jaridu goma sha biyu da almakashinta, tana yankan takardun rangwame. In ka yi kuskure ka buga, za ta ɗauka ta ce, "Wa ya mutu?" In ka ce babu, ta kashe.

Shekararta saba'in da ɗaya. Talatin da ɗaya daga ciki ta yi su ne a ɗakin wanki na wani asibiti a nan birnin Gary, can ƙarƙashin ƙasa inda tururi ke cika wuri zafi da sanyi. Abin da ta fito da shi, fansho ɗan kaɗan, da gwiwar hagu mai ciwo, da yatsu masu kaushi, da idon da in ya kalli zanin gado ya san abin da ke damun wanda ya kwana a kai. Mijinta Lemuel ya rasu shekara tara ke nan. 'Yarta Charmaine tana Indianapolis, duk sati sai ta ce mata ta sayar da gidan ta koma wurinta. Earline takan ce, "To kayan fa?" Charmaine ta ce, "Mama, sabulu ne fa." Ita kuwa ta ce, "Shi ya sa nake tambaya."

Ba don sha'awa ta fara ba. Shekarar da masana'antar ƙarfe ta sallami Lemuel tare da sauran jama'a, sai suka koma kan tallafin abinci na gwamnati. Shi kuwa tallafin, burodi yake saye, da madara da wake. Ba ya sayen sabulu, ba ya sayen man goge baki, har yau kuma haka yake. Albashinta na ƙarewa a kuɗin gida da wuta. Wata biyu tana wanke kayan makarantar Charmaine da zallar ruwan zafi, har ranar da yarinyar ta dawo da 'yar wasiƙa daga malamarsu, cikin ladabi, ana tuna wa iyaye muhimmancin tsafta. Matar da ke wanke zanin gado ɗari huɗu a rana ta karanta wasiƙar sau biyu, ta ninke ta sa a aljihu. Ba ta gaya wa kowa ba. Amma shingen waya ne kawai tsakanin bayan gidanta da na Odessa Tillman, ita kuwa Odessa ba ta cika buƙatar a gaya mata abu ba. Washegari sai ga ta da ƙaton kwalin garin sabulu a ƙugu.

"Don Allah raba ni da wannan," in ji ta. "Mai ƙanshin lemon tsami na sayo, Cleophus ya ce atishawa yake sa shi. Kin san maza da iyayi."

Ta ja kujera ta zauna, ta nuna mata yadda ake yankan takardun da ke zuwa cikin jaridar Lahadi, a haɗa ta kamfani da ta kanti, a yi haƙuri har satin da aka karya farashi, sannan a je. In an iya haɗawa, abin dala biyar ya faɗo dala ɗaya, wani lokaci ma a ɗauka kyauta. Bayan 'yan shekaru Odessa ta daina, ta ce ƙananan rubutun na sa mata ciwon kai. Earline ba ta daina ba.

Lemuel ya koma aiki, gida ya daidaita, amma hannu ya riga ya saba. Kaya suka fi ƙarfin kicin, Lemuel ya buga mata kantoci na katako a ɗakin ƙasa, daga bango zuwa bango. Sabulun wanki a nan, na wanka a can, man goge baki, takardar banɗaki, audugar mata, reza, ƙunzugun jarirai. Kowane kaya kafin ya hau kanta sai ta rubuta masa ranar da ta saye shi da baƙin alƙalami mai kaurin baki, don wanda ya fara shigowa ya fara fita. Bakwai ɗinta kuwa tana ja masa ɗan layi a tsakiya, ɗabi'ar da ta ɗauko daga buhunan wanki na asibiti, inda in aka karanta bakwai a matsayin ɗaya sai zannuwa su tafi wani hawan bene daban.

Kantuna suna da iyakarsu: biyu ko huɗu ga kowane mai katin da kanti ke bai wa masu sayayyarsa. Don haka in babban rangwame ya fito, Earline takan nemi masu tsaya mata layi. Dokarta ɗaya ce, kuma ba ta taɓa canza ta ba: duk wanda ya tsaya da katinsa, rabin abin da ya ɗauko nasa ne. Ba ta tambaya ko kana so. Fasto ma da ya taɓa tsaya mata sai da ya tafi gida da kwalbar man gashi shida, shi da ba shi da ko sili ɗaya a ka.

Sauran kayan, Asabar ɗin farko ta kowane wata, takan loda su a tsohuwar motarta ta kai ɗakin taro na coci. Ba ta tsayawa rabo. Ba ta son godiya, ta ce ɓata lokaci ne. Mai rabon shi ne mijin Odessa, Dikin Cleophus Tillman, dattijon coci, wanda ya yi shekara talatin da takwas yana tuƙa injin ɗaga ƙarfe bai taɓa makara ba, mutumin da ke ɗaura nekatai in zai je sayen madara. Shekara goma sha biyu yana bayan wannan tebur. Yana da iyawa: yakan miƙa wa mutum ledar kaya kamar shi ne ake yi wa alfarma. In Earline ta shigo da kwalaye yakan ɗaga murya ya ce, "Ku matsa, ga uwar almakashi ta iso. Yau wane kanti kika talauta?"

"Wanda ya sayar maka da wannan nekatai ɗin," takan ce. "Ramuwa na je na yi maka."

A ƙarshen bara Odessa ta faɗi a kicin. Da ta dawo daga asibiti ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma sai kalma ɗaya, biyu, da ƙyar. Cleophus ya sauko da gadonta falo, kusa da taga. Ya ajiye teburin coci. Ya ce wa likitoci da 'ya'yansu da kowa, matarsa ba za ta je gidan ajiye tsofaffi ba, ya yi mata alkawari tun suna da ƙarfi. Shi ke ɗaga ta, shi ke ba ta abinci, shi ke taje mata kai, ko da yake tajewar ba ta da kyan gani. Earline takan shiga ta ƙofar baya kowace safiya da kofi da burodin masara, ta gyara kitson, ta yi ta zuba wa Odessa labarin layi.

A watan Maris ta fara lura da igiyar shanya. Injin busar da kayansu ya lalace, don haka a bayan gida yake shanya, cikin wannan sanyi. Da farko zanin gado biyu a rana. Sai uku. Sai biyar, da tsofaffin tawul da aka yayyanka gida huɗu. Earline ta tsaya a tagar kicin ɗinta da kofi a hannu, ba ta buƙaci wani ya fassara mata ba. Ƙunzugun manya yana da tsada, inshorarsu ba ta biya, magunguna sun cinye fansho, tsoho ya koma yi wa matarsa ƙunzugu da tawul. Tawul kuwa ba ya riƙe komai. Ranar Alhamis tana falon lokacin da nas mai zuwa dubiya ta juya Odessa ta kalli ƙugunta, ta ce wa Cleophus a hankali, "Mista Tillman, fatar nan ta fara ja. Dole wurin ya riƙa zama a bushe. In ya fashe ya zama gyambo, asibiti za a kai ta, daga can kuma ba lallai su yarda ta dawo gida ba."

"Zai bushe," in ji shi. Ya gyara nekatai ɗinsa.

Earline ta san shi. In ta ce masa "ga shi", ta gama da shi. Washegari Juma'a ta je kanti da takardunta ta sayo ƙunshi huɗu, ta sauka da su ɗakin ƙasa kamar kullum. Ta jira har Laraba, ranar da motar asibiti ke ɗaukar su zuwa gashin ƙashi. Ta yi dabara sosai, a ganinta. Ta cire ledar kanti. Ta nemo kwali mara rubutu, ta manne bakinsa. Ta zagaya ta titi, ba ta bi ta shinge ba, ta ajiye a barandarsu kamar yadda masu kawo saƙo ke yi, ta dawo gida tana jin daɗin kanta.

Da la'asar aka danna ƙararrawar ƙofar gaba. Shekara arba'in Cleophus Tillman ta ƙofar baya yake shigowa gidan nan. Ta buɗe, ga shi da kwalin a hannu.

"Misis Boykin," in ji shi.

Ita ma sai ta ce, "Dikin. Lafiya?"

Ya wuce ta ya ajiye kwalin a kan teburin kicin, a kan jaridunta. "A barandata na tsinta."

"To. Wataƙila masu kawo saƙo ne suka ɓata gida."

"Masu kawo saƙo suna ɗaura wa bakwai ɗinsu ɗamara?"

Ya ciro ƙunshi ɗaya ya juya mata shi. Ga shi nan baƙi ƙirin a kusurwa, sha bakwai ga wata, bakwai ɗin da layinsa a tsakiya. Duka huɗun. Ko tunawa ba ta yi ba cewa ta rubuta. Hannun ne ya yi abinsa, kamar yadda ya saba yi wa duk abin da ya sauka ɗakin ƙasa.

"Shekara goma sha biyu ina miƙa wa mutane wannan bakwai ɗin," in ji shi. "In na rufe ido ina ganinsa. Ni ba na cikin layi, Earline. Ni ne nake bayan tebur."

"Ba kai na kai wa ba, tsoho. Odessa na kai wa."

"Matata ba ta rasa komai a gidana ba."

"Ta rasa busasshen gado."

Tana faɗa ta san ta yi yawa. Gaskiya ce, amma akwai gaskiyar da ba a faɗa wa mutumin da ke tashi da asuba yana wanke tawul da hannunsa. Ya tsaya yana kallonta.

"Wato kina tsaye a taga kina ƙirga zannuwan matata."

"Cleophus..."

"Ki zauna a gidanki. In muna buƙatarki zan neme ki."

Ya fita ta ƙofar gaba, ya ja ta a hankali. Da ma buga ta ya yi da ƙarfi, da ta fi jin sauƙi.

Washegari da safe ta dafa kofi kofi biyu bisa sabo, ta zubar da ɗaya. Ta ga motar nas ta zo, ta daɗe a ciki fiye da kullum. A igiya zannuwa shida. Ta buga wa Charmaine ta ba ta labari, Charmaine ta ce, "Mama, ki je ki ba shi haƙuri. Ko ki sa Fasto ya yi masa magana."

"Magana ce ta kawo mu nan."

"To ki rubuta masa kati."

Ta sayo katin ma, mai hoton furanni. Ta zauna da shi a gaba har shayi ya huce. Me za ta rubuta? Ta yi nadamar yadda ta faɗa, amma ba ta yi nadamar abin da ta faɗa ba, ita kuwa ba ta iya rubuta rabin gaskiya. Kuma ko ya haƙura, katin ba zai busar da gadon ba. Ta jefa shi a durowa. Ranar Lahadi a coci kujerarsu babu kowa. Ta yi waƙa da baki kawai, hankalinta na kan wannan jan wurin a ƙugun Odessa. Ta ga irinsa da yawa a zanin asibiti, bayan ya fashe.

Da yamma ta zauna da almakashi. A jarida ta uku ta gan shi: takardar kamfani ta ƙunzugun manya, mai tsoka, ga kuma kantin da ke kan babban titi ya sa a sayi ɗaya a ɗauki ɗaya, daga Litinin zuwa Laraba, ƙunshi huɗu ga kowane mai kati a rana. Irin wannan haɗin sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ta yanke duka goma sha biyun. Ta daɗe tana kallon su a jere a kan tebur, sannan ta ɗauko ambulan ta raba su gida biyu.

Litinin da sassafe ta je ta ɗauko nata huɗun. Kafin ta dawo gwiwar ta kumbura kamar kabewa, wannan kuwa ba ƙarya a ciki. Ta ɗingisa ta zagaya ta titi, ta hau barandarsu, ta danna ƙararrawa. Ya buɗe da hannuwan riga a naɗe, kumfa a yatsunsa.

"Ban neme ki ba."

"Na sani. Ni ma ba gaisuwa na zo ba. Aiki na kawo." Ta miƙa ambulan ɗin, bai karɓa ba. "Gida shida ne a coci ke jiran irin kayan nan. Ka fi ni sanin su, kai ka rubuta sunayensu. Huɗu ake bai wa mai kati a rana, na ɗauko nawa. Kalli ƙafata. Ina buƙatar mutum mai kati da mota da ƙafa biyu, yau da gobe da jibi."

"Ki nemi Fasto."

"Fasto ya tafi taro Chicago. Kuma ba ya iya lissafi."

Ya kalli gwiwar, ya kalli ambulan. "Na san dokarki," in ji shi. "Ba na so."

"Ba ruwana da abin da kake so. Doka ce, ta girmi jikokinka. Ba don kai aka kafa ta ba, ba kuma don kai za a karya ta ba. Rabinka naka ne. In ka ga dama ka yi matashin kai da su, in ka ga dama ka zuba a bola."

"Kin ɗauke ni yaro ko, Earline?"

"Na ɗauke ka tsoho mai taurin kai wanda yake da kati. Yana nan a jikin makullin motarka, na Odessa ne, ina ganinsa kullum."

"To in na tafi wa zai zauna da ita?"

"Wa kake gani a tsaye?"

Daga cikin falo aka ji muryar Odessa, a daƙile, kowace kalma kamar ana jawo ta da igiya. "Cleo. Ƙyale... ta."

Ya tsaya a bakin ƙofa da kumfar na ɗiga a kan takalminsa. Sannan ya goge hannu a wandonsa, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba, ya fizgi ambulan ɗin.

"Don gidaje shida zan je."

"Don su na zo. Saurara: ka fara miƙa takardar kanti, sannan ta kamfani, ɗaya bayan ɗaya. Ka je layin Shondra, mai karɓar kuɗin nan mai jan gashi. Kada ka ɗauko mai shuɗin tambari, kore ne ke cikin rangwamen."

"Na tuƙa injin da ke ɗaga tan ɗari a kan kawunan mutane. Ba zan kasa sayen kaya a kanti ba."

Sai da ya shiga ɗaki ya ɗaura nekatai kafin ya fita.

Tana jin tashin motar ta naɗe hannun riga. Ta juya Odessa yadda ta ga ma'aikatan jinya na yi shekara da shekaru, ta duba. Wurin ya yi ja, ya kai faɗin tafin hannu, amma bai fashe ba. Ta sauke numfashi. Ta ɗora ruwa, ta wanke ta, ta shanya wurin da tawul mai laushi, ta shafa man da nas ta bari, ta canza zani, ta sa matashi a bayanta don ta kwanta ta ɗaya gefen. Tana yi tana mita a kan kitson da Cleophus ya yi mata cikin kwana biyar.

"Wannan kai ne ko sheƙar tsuntsu? Da me ya taje ki, da cokali mai yatsu?"

Gefen bakin Odessa mai lafiya ya motsa. "Bakwai," in ji ta. Ta huta. "Wawiya."

"E, na ji. Wawiya ce ni. Shekara talatin da biyar ina wannan sana'a, alƙalami ya tona ni."

Odessa ta yi irin dariyar da ta rage mata, kafaɗa ɗaya na girgiza. Da ta natsu sai ta kama hannun Earline da hannunta na hagu. "Lemo," in ji ta. "Cleo... bai taɓa... atishawa ba."

"Na sani, 'yar'uwa. Tun a ranar na sani." Ta ci gaba da warware gashin. "Ke dai kin fi ni iya ƙarya, shi ke nan."

Wayar gidan ta yi ƙara. Ta ɗauka.

"Earline! Wannan yarinyar ta ce takardun ba sa shiga."

"Wacce ka fara miƙawa?"

"Duka na miƙa mata a dunƙule."

"Me na ce maka a bakin ƙofa?"

"Akwai mutum tara a bayana. Wani yana ta duba agogo yana tsaki."

"Ya duba. Ni shekara talatin da biyar suna duba mini agogo, ba wanda ya mutu. Ba ta wayar."

Muryar Shondra ta zo tana danne dariya. "Sista Earline, wannan baban naki ne? Ya zo mini da nekatai kamar mai zuwa kotu."

"Sabon ɗalibi ne. Ki bi shi a hankali, yana da saurin fushi. Ta kanti da farko."

"Bar mini shi."

Bayan rabin awa aka ji mota. Ya shigo ta ƙofar baya da ƙunshi biyu a kowace hammata, da rasit a baki. Ya sauke su a kan tebur, ya ciro rasit ɗin ya miƙe shi da hannu biyu a gaban fuskarta.

"Karanta. Dala hamsin da shida ya nuna da farko. Ina tsaye yana ta sauka, yana ta sauka. Dala tara da 'yan kai na biya. Mai tsakin nan sai da ya leƙo ya ce, 'Yallaɓai, ya aka yi haka?' Na ce masa ilimi ne."

"Da ka fara miƙa ta kanti da mai tsakin bai ga fuskarka ba ma."

"Hassada ce ke damun ki."

Ya tsaya a kan ƙunshi huɗun yana kallon su. Earline ta juya ta shiga ɗauraye kofuna waɗanda ba su da datti, ta ba shi baya. Ta ji ya ture biyu gefe ɗaya, biyu ɗaya gefen.

"Alƙalamin nan naki yana jikinki?"

Yana aljihun rigarta, kullum yana nan. Ta miƙa masa ba ta juyo ba. Ta ji kukan bakin alƙalamin a kan leda. Da ta waiga, ya rubuta a kan biyu daga ciki, ashirin da bakwai ga wata, da manyan lambobi a tsaye ƙyam.

"Nawa bakwai ɗin ba ya buƙatar ɗamara," in ji shi. "Waɗancan biyun ki kai coci. Gobe ƙarfe nawa suke buɗewa?"

"Takwas."

"Ki zo bakwai da rabi. Ta baya. Kuma ki zo da burodin masarar nan, ta ƙi cin nawa."

Ya ɗauki nasa biyun ya shiga falo, ya ja labule. Earline ta ɗauki biyun coci ta fita ta ƙofar baya, ta bi ta ɗan wurin da shinge ya buɗe, a hankali saboda gwiwa.

Ya je Talata, ya je Laraba, bai sake kiran waya ba. Ranar Alhamis nas ta duba ta ce jan ya fara ja da baya. Sati na gaba, ranar wanki, zani biyu ne a igiya, da rigunansa, da nekatai uku. Earline ta gani daga taga, ta shanye kofinta.

Odessa tana nan a falonta har yau, kusa da taga, da kitso mai kyau. Cleophus ya bi tsofaffin abokan aikinsa gida gida ya ce su riƙa ajiye masa jaridar Lahadi, yanzu yana samun goma sha biyar, ya fi ta da uku, kuma ba ya barin ta manta. Ya sayi almakashinsa, ya ce nata ya dakushe. Asabar ɗin farko ta wata Earline ke zama da Odessa, shi ya koma bayan teburinsa. Waɗanda suke karɓa sun ce a cikin leda ɗaya sukan ga bakwai iri biyu.

Lahadin da ta wuce da yamma wayarta ta yi ƙara. Ta ajiye almakashi ta ɗauka.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa," in ji Cleophus. "Kin ga shafi na uku? Sabulun wanki, babban kwali."

Ta maƙale wayar a kafaɗa, ta jawo jaridar, ta lashi yatsa ta buɗe.

"Wane ƙanshi?" in ji ta.